An Cire Maƙoƙo, Saura Magani: Abin Da Ya Kamata Fatakenmu Na Abijan Su Sani

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Belleville da ke unguwar Treichville a birnin Abijan, ko ya ratsa cunkoson Adjame da sassafe, zai shaida cewa 'yan uwanmu Hausawan Nijar da Najeriya ba baƙi ba ne a wannan gari. Su ne a kan atamfa da shadda, su ne a kan albasa da goro, su ne masu tsire da balangu. Hatta abincin nan na acheke da soyayyen kifi da talakan ƙasar Kodebuwa ke karya kumallo da shi, sunan Bahaushe ya ci, wato garba, haka nan masu shayi da kofi na bakin titi, aboki ake kiransu.

To a cikin wannan jama'a tamu akwai waɗanda idan mutum ya lura da wuyansu zai ga wani siririn tabo a kwance a gindin maƙogwaro, galibinsu mata ne, kuma sukan rufe shi da sarƙa ko mayafi. Wannan shi ne tabon aikin maƙoƙo. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi wannan rubutu shi ne, da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka da zarar likita ya cire ƙullin, an warware zare, an yi barka da arziki, to magana ta ƙare, alhali kuwa a lokacin ne wata sabuwar ɗawainiya ke farawa.

Mu ɗauki misalin wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke kai da komowa tsakanin Abijan da Maraɗi. Ba sai an kama suna ba, domin irin labarin ya yi yawa a zangunanmu. An yi mata aiki lafiya, an sallame ta da takardar magani, ta sha kwali ɗaya ya ƙare, ta ji garau, sai ta koma harkarta. Bayan wata biyu ko uku sai kasala ta sauko mata, tana gyangyaɗi a bakin shago, fuska ta kumbura, murya ta dishe, tana jin sanyi a cikin zafin Abijan, lissafin da take yi da ka ya fara kuɓuce mata, har masu bashi suna yi mata kwana. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce taifot ne, wata ta ce ai sammu ne abokan kasuwa suka yi mata. Aka sha jiƙo, aka yi hayaƙi, jari ya fara narkewa, alhali abin da jikinta ke nema wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai girman ƙwayar wake ba.

ME AKA CIRE?

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci ke kira tairod, nauyinta bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta sarrafa wani sinadari mai suna tairoksin, ta zuba shi cikin jini. Wannan sinadari shi ke daidaita saurin aikin jiki baki ɗaya, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki da narkar da abinci har zuwa kaifin tunani. Idan wannan tsoka ta kumbura, shi ne Bahaushe ke kira maƙoƙo. Ƙarancin aidin na daga cikin manyan dalilan kumburin, shi ya sa cutar ta yi suna a yankunan duwatsu irin su Man a yammacin Kodebuwa, kuma shi ya sa tun shekarun 1990 ƙasashenmu suka tilasta sanya aidin a gishiri.

Idan rabin tsokar aka cire, sau da yawa ragowar rabin yakan riƙe aikin, ko da yake kimanin mutum ɗaya cikin biyar yakan buƙaci ƙarin magani. Amma idan gaba ɗaya aka cire, to masana'antar ce aka rushe, jiki ba zai sake yin tairoksin ba har abada. A nan ne ya kamata a fahimci cewa gishiri mai aidin ko kifi ko wani saiwa da sassaƙe ba za su maye gurbin ba, domin tara hatsi ba shi da amfani a inda babu injin niƙa. Dole sai an riƙa kawo sinadarin daga waje kowace rana, iya tsawon rayuwa.

Su kansu Turawa da wahala suka koyi wannan darasi. A shekarar 1883 wani likitan fiɗa na ƙasar Siwizalan mai suna Theodor Kocher ya bi sawun mutanen da ya cire wa tsokar gaba ɗaya, sai ya tarar sun zama masu nauyin jiki da nauyin tunani, sun kumbura. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata mai irin wannan rashi allurar ruwan tairod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1927 aka yi nasarar haɗa sinadarin a ɗakin bincike. Shi ne a yau ake sayarwa da sunan levothyroxine, yana kuma cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya.

MAGANAR AWO CE

Mun sha jin mutanenmu na cewa a nemo musu "mai ƙarfi" ko "na Faransa". Wannan magani ba ƙarfinsa ake nema ba, daidaitonsa ake nema, kamar yadda mai sayar da zinari ke kula da sikelinsa. Ana auna shi ne da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na miligiram. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantarsa, ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 ta ninka abin da ke cikin ƙwayar levothyroxine mai lamba 100 har sau 5,000.

Likitoci kan fara lissafi ne da nauyin mutum, kimanin maikirogiram 1.6 a kowane kilo ɗaya. Ke nan mai kilo 60 zai fara da wajen 100, mai kilo 80 kuwa wajen 125. Tsofaffi da masu ciwon zuciya akan fara musu da ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Sai dai wannan lissafi mafari ne kawai, gwajin jini ne ke yanke hukunci, wato gwajin da ake kira TSH. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ke aikin sa ido. Idan tairoksin ya yi ƙaranci a jini sai ta ɗaga murya tana neman ƙari, idan ya yi yawa sai ta yi shiru. Wannan murya ita ce TSH. Saboda haka idan lambar ta hau, maganin ne bai isa ba, idan ta faɗi ƙasa sosai, maganin ne ya yi yawa. A mafi yawan ɗakunan gwaji, daidai shi ne tsakanin 0.4 zuwa 4. Waɗanda aka yi wa aikin saboda ciwon daji kuwa, likita kan so lambar tasu ta zauna ƙasa da haka da gangan, don haka kada wani ya ɗauki takardar maƙwabcinsa ya auna kansa da ita.

Maganin yana da jinkirin aiki, domin sai bayan kimanin kwana 7 rabin abin da aka sha ke barin jiki. Wannan ya sa ba a gane tasirin sabon awo sai bayan mako 6 zuwa 8, a lokacin ne ake sake gwaji. Wanda ya sha kwana uku ya ce bai ji komai ba ya ninka da kansa, to ya sayi wata sabuwar cuta: bugun zuciya da rawar hannu da yawan gumi da rashin barci da rama, idan abin ya daɗe kuma zuciya ta rikice, ƙashi ya yi rauni. Idan an dace da awon da ya zauna, akan koma gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara. A Abijan ana neman wannan gwaji a manyan asibitocin koyarwa irin na Treichville da Cocody da kuma ɗakunan gwaji masu lasisi, a gida kuwa akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Shika a Zariya da makamantansu.

TARKON ROXY

Babu ɗan kasuwar da ya zauna Abijan bai san Roxy ba, wato kasuwar magungunan nan ta kan titi da ke Adjame, wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. A watan Mayun 2017 jami'an tsaro suka kai mata samame suka kwashe magunguna kimanin tan 40. A cikin wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin kowane 10 jabu ne ko kuma bai cika inganci ba.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san daɗin ragi, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Illar sayen wannan magani a tire ta kasu kashi uku. Ta farko, ba ka da tabbacin abin da ke cikin ƙwayar, kuma tunda ba maganin ciwon kai ba ne da za ka gane nan take ko ya yi aiki, sai ka yi wata biyu kana haɗiyar alli kafin jiki ya faɗa maka. Ta biyu, ko da na gaskiya ne, levothyroxine ba ya jure zafi da laima da hasken rana. Yawancin kamfanoni sun rubuta a kwali cewa kada a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 25, to ina ga wanda ya wuni a faranti a ƙarƙashin ranar Adjame? Ta uku, idan mutum ya je ya ce a ba shi "maganin maƙoƙo" kawai, ana iya miƙo masa carbimazole, wanda aikinsa shi ne rage ƙarfin tsokar da ta yi yawan aiki. Wasu sun sha shi kafin a yi musu fiɗa, sai su ɗauka shi za su ci gaba da sha, alhali ga wanda aka cire wa tsokar gaba ɗaya ba shi da wani amfani, sai ma illa.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga Adjame kaɗai ba. Ya shafi mai tallar magani a kan keke a kasuwar Jibiya ko Illela ko Ɗan Isa, da mai shiga mota yana wa'azin magani. Wurin sayen wannan ƙwaya shi ne famasi mai lasisi, da takardar likita a hannu, a duba ranar lalacewa, a Najeriya kuma a duba lambar hukumar NAFDAC.

DARASIN FARANSA

Ko a famasi ma akwai abin lura, domin maganin yana zuwa da sunaye daban-daban, kamar Levothyrox da Euthyrox da Eltroxin da L-Thyroxin. Sinadarin ɗaya ne, amma garin da ake cakuɗa shi da shi ya bambanta, hakan kan sa abin da ke shiga jini ya ɗan sauya. A watan Maris na 2017 kamfanin Merck ya sauya haɗin Levothyrox a Faransa bisa buƙatar hukumar kula da magunguna ta ƙasar, inda kimanin mutum miliyan 3 ke shan sa. Ba a taɓa ainihin sinadarin ba, kayan haɗin kawai aka canza, amma dubban mutane suka koka da kasala da jiri da ciwon kai da zubar gashi, har a watan Satumba gwamnati ta ba da umarnin a dawo da tsohon haɗin na wani lokaci. A 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Lyon ta umarci kamfanin ya biya mutum sama da 3,000 diyyar Yuro 1,000 kowanensu saboda rashin yi musu cikakken bayani.

Idan haka ta faru a ƙasar da kowa ke saye a famasi, to ya kamata bafataken da ke sayen wani iri a Abijan, wani a Kwatano, wani a Kano ya shiga taitayinsa. Shawarar masana ita ce a tsaya a kan iri ɗaya. Idan dole ta sa aka canza, to a riƙe lambar awon yadda take, a sanar da likita, a kuma yi gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8.

KOFIN ABOKI DA AWARA

Akwai kuma waɗanda maganinsu na gaskiya ne, awonsu daidai ne, amma yadda suke shan sa ne ke ɓata aikin. Wannan ƙwaya tana son ciki wayam. Ana shan ta da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci komai. Wanda ya haɗiye ta da kofi mai madara a teburin aboki, ya bi da garba ko ƙosai, to wani kaso na maganin ya bi abinci ya wuce. Hanya mafi sauƙi ga mai sammakon kasuwa ita ce ya sha da tashinsa sallar asuba, kafin ya dawo daga masallaci ya kimtsa lokaci ya cika. Wanda hakan bai yi masa ba yana iya sha lokacin kwanciya, muddin an yi awa 3 da cin abincin dare.

Abincin waken suya, irin su awara da madarar waken, yana rage shigar maganin cikin jini. Haka nan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ƙwayar kalsiyam, da magungunan olsa masu kama da alli, duk sai a sa awa 4 tsakaninsu da shi. Maganar kalsiyam tana da muhimmanci, domin a bayan tsokar tairod akwai wasu 'yan halittu huɗu masu girman ƙwayar shinkafa da ke kula da kalsiyam na jini, kuma sukan jigata yayin fiɗa. Duk wanda ya ji leɓensa da yatsunsa suna tsikari, ko hannunsa na ɗaurewa bayan aiki, to ya garzaya asibiti, wannan matsala ce ta daban. Masu shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya su ma su sanar da likita, domin wasu daga cikinsu kan sa jiki ya buƙaci ƙarin awo.

Idan kuwa an kiyaye duk wannan, gwaji ya yi daidai, amma har yanzu jiki bai saki ba, to likita kan duba ƙarancin jini ko ciwon suga ko wata matsala. Akwai wani sinadari na biyu da ake kira T3 da ƙwararru kan gwada haɗawa ga wasu tsirarun mutane, amma wannan hukuncin ƙwararren likita ne, ba na mai kemis ba.

AZUMI DA JUNA BIYU

A watan Ramadan ba a ajiye maganin. Ana iya shan sa rabin awa kafin sahur, ko a sha da ruwa da shan ruwa a ɗan jinkirta abinci mai nauyi, ko kuma lokacin kwanciya idan an yi awa 3 da ci. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har Sallah.

Ga mata kuwa, akwai masu daina sha da zarar sun sami ciki don tsoron kada ya taɓa ɗan. Gaskiyar magana akasin haka take. A watanni ukun farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara ne kacokan a kan tairoksin ɗin uwa, kuma buƙatar mai ciki kan ƙaru da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 tun makonnin farko. Rashinsa kan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Don haka da zarar mace ta ga batan wata, ta nufi likita a gyara mata awo, kuma ba ya hana shayarwa. Ya kamata magidanta su san wannan, domin su ne masu ba da izini da kuɗin mota.

GUZURIN MATAFIYI

Hanyarmu doguwa ce, ko ta Noe da Akara da Lome da Kwatano, ko ta Bobo da Wagadugu da Yamai, kuma kowa ya san ranar fita ce a hannunsa, ban da ranar dawowa. Ba mu manta ba yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, inda tafiyar mako biyu ta koma ta watanni. Mantuwar kwana ɗaya ba abin tayar da hankali ba ce, sai a sha idan an tuna. Amma makonni babu magani kan kai mutum ga kumburi da sanyin jiki da raunin zuciya, wani lokaci har doguwar suma da rasa rai.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, sai a tanadi na aƙalla wata uku kafin a kama hanya. A bar ƙwayoyin cikin ledarsu ta asali, a sa su a jakar hannu, kada a jefa su cikin kaya a saman mota ko a bar su a gaban direba rana na duka. A riƙe takardar likita saboda 'yan duwan da kwastan. Sa'annan a tanadi ɗan littafi guda, kamar dai littafin bashi, a rubuta sunan maganin da lambar awonsa da ranar kowane gwaji da sakamakonsa, a haɗa da takardar bayanin fiɗar da sakamakon gwajin tsokar da aka cire. Ko da takardun da Faransanci suke, likitan Kano ko Katsina zai gane su, domin haruffan TSH da sunan levothyroxine ba su canzawa, alamar µg ta Abijan kuwa ita ce mcg ta Najeriya.

Muna kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Treichville da Adjame da sauran kasuwannin iyaka da su riƙa tambayar duk wanda suka san an yi wa wannan aiki ko yana shan maganinsa, da kuma yaushe rabonsa da gwaji. Idan kuɗin gwajin ne ya gagara, to asusun da ake tarawa don biki da rasuwa ya fi cancanta da wannan. Wanda ya sami awonsa daidai yana iya haihuwa, ya yi azumi, ya je aikin Hajji, ya ci kasuwarsa kamar kowa har tsufa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma sa albarka a cikin nemanmu, amin.